Yaron da Ƙwai da Nono Ke Cutarwa: Da Me Zai Girma?

A asibiti da rediyo da bakin ungozoma magana ɗaya ce: a ba yaro ƙwai da nono da wake da kifi domin ya gina jiki. To yaya aka yi ake samun yaron da waɗannan abubuwan ne ke lalata masa ƙwaƙwalwa? In kuma aka hana shi su, da me zai yi tsawo, da me zai yi tsoka?

Tambayar ta dace da wannan lokaci da maganar gwajin jini kafin aure ta cika gari, musamman tun da Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Mutane da dama sun ɗauka da zarar takarda ta nuna AA, an rufe babin cutar gado. Alhali a cikin cututtukan gado, sikila gwajin nan yake nema. Akwai wani rukuni na cututtukan gado, ɗaruruwa, da ba ya ganinsu ko kaɗan, wato waɗanda ke hana jiki sarrafa wani ɓangare na abinci. Da yawa daga cikinsu babban maganinsu yana cikin kwanon abincin yaron, kuma a nan ne rashin fahimta ya fi yawa: ana zaton hana yaro abinci ake yi, alhali auna masa ake yi.

Me ke faruwa a cikin jikin?

Duk abin da muka ci sai jiki ya warware shi mataki-mataki, kuma kowane mataki yana da sinadarin da ke gudanar da shi, wanda likitoci ke kira enzayim. Umarnin ƙera kowane enzayim yana rubuce a ƙwayar halitta, guda daga uwa, guda daga uba. Idan duka biyun suka zo da tangarɗa, enzayim ɗin ba zai yi aiki ba. Manomin rani ya san abin da ke faruwa in hanyar ban-ruwa ta toshe a tsakiya: shukar sama ta ruɓe da ruwa, ta ƙasa ta bushe. Haka nan abin da ya kamata a sarrafa yake taruwa har ya zama guba, abin da ya kamata a samar kuma ya yi ƙaranci.

Hanyar gadon yawancinsu irin ta sikila ce. Uwa da uba lafiyarsu ƙalau, kowanne yana ɗauke da ƙwaya ɗaya mai tangarɗa bai sani ba, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu jaririn ya haɗa biyun.

Wadda aka fi sani a cikinsu ita ce fenilketonuriya, da ake taƙaitawa PKU. Furotin, wato sinadarin gina jiki, haɗi ne na ƙananan tubala ashirin da ake kira amino asid. Ɗaya daga cikinsu, fenilalanin, hanta ce ke juya rararsa zuwa wani mai suna tairosin. Hantar mai PKU ba ta iya wannan aiki, sai fenilalanin ya taru a jini ya hau ƙwaƙwalwa. Jaririn lafiya lau ake haihuwarsa, domin jikin uwa ne ke share masa jini yana ciki. Ɓarnar tana farawa daga ranar da ya kama nono, a hankali, babu zazzaɓi babu kuka. Sai wata shida ko shekara iyaye su lura bai zauna ba, bai yi rarrafe ba, wani da jijjiga, wani da ƙurajen fata, fitsarinsa yana wari irin na ɓera. Gashi da fata kan fi na 'yan'uwansa haske, saboda tairosin ake buƙata wajen yin launin fata. A Turai ana samun kusan jariri ɗaya cikin 10,000 da ita. A Turkiyya ta ninka haka, a Finlan da Japan kuwa da wuya a gan ta.

Yadda aka gano abinci magani ne

A 1934 wata uwa a Oslo ta ƙasar Norway ta kai 'ya'yanta biyu masu taɓuwar ƙwaƙwalwa wurin likita Asbjørn Følling. Ta sha yawon likitoci tana cewa yaran nan suna da wani wari, ba wanda ya kula. Følling ya ɗiga wani sinadarin ƙarfe a fitsarinsu, sai ya koma kore, abin da bai taɓa gani ba. Daga nan aka san cutar, amma aka shafe shekaru ba a san abin yi ba.

A 1951 aka kawo wata yarinya 'yar shekara biyu asibitin yara na Birmingham a Ingila. Uwarta ta ƙi yarda da cewa babu magani, ta riƙa tare likita Horst Bickel tana tambayarsa yaushe za a fara. Bickel da abokan aikinsa Evelyn Hickmans da John Gerrard suka ɗauki furotin na madara, suka warware shi, suka tace shi da gawayi har fenilalanin ya fita, suka fara ba yarinyar. Cikin watanni ta fara kula da mutane, ta koyi rarrafe da tsayuwa. Don su tabbatar, sai suka mayar mata da fenilalanin a abinci ba tare da sanin uwar ba, abin da yau ba za a amince wa likita ya yi ba. Nan da nan ta koma gidan jiya. Sun wallafa sakamakon a 1953. Ita dai yarinyar ba ta warke ba, domin abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa.

Wannan ne ya nuna cewa dole a kama cutar kafin ta nuna kanta. Robert Guthrie na Amurka, wanda 'yar 'yar'uwar matarsa ke da PKU, ya ƙirƙiro gwaji mai araha: a soki diddigen jariri, a ɗiga jini a kan takarda, ya bushe, a aika ɗakin gwaji. Jihar Massachusetts ta wajabta shi a 1963, sauran ƙasashe masu hali suka bi. A yau jaririn da aka fara wa magani kafin ya cika kwana goma yana tashi da basira irin ta kowa, ya yi makaranta, ya yi aiki, ya yi aure.

Yadda ake auna kwanon

A nan ne abin yake da wuya. Fenilalanin yana cikin tubalan da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa, kuma babu tsoka ko ƙashi ko jini da za a gina ba tare da shi ba. Don haka ba za a cire shi gaba ɗaya ba. Abin da ake nema shi ne a ba yaro daidai wanda girmansa zai cinye, kada rara ta taru. Ma'aunin da likitocin Turai da Amurka suka tsayar ga yara shi ne mikromol 120 zuwa 360 a kowace lita ta jini.

Giram ɗaya na furotin yana ɗauke da kimanin miligiram 50 na fenilalanin. Yaro mai nau'in cutar mai tsanani sau da yawa abin da jikinsa ke ɗauka a yini bai wuce giram biyar zuwa goma na furotin ba. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram shida. Ke nan dafaffen ƙwai guda na iya cinye rabonsa na yini ɗungurungum.

In muka jera shi da abincin da muka sani: nama da kifi da ƙwai da nono da wake da gyaɗa da waken suya sun fita, tare da duk abin da ake yi da su, ƙosai, alale, awara, ƙuli-ƙuli, kilishi, kunun gyaɗa. Gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da dankali ana ci, amma da sikeli, ana lissafawa. Rogo, mai, sukari, yawancin kayan marmari da kayan lambu irin su tumatir da kabeji da kokwamba, su ne yake sakewa da su. Har lemon kwalba marar sukari sai an duba, domin aspartem da ake zaƙaƙa shi da shi daga fenilalanin ake yin sa, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin kwalbar.

Kowa ya ga wannan jerin ya san ba zai raya yaro ba. Abin da ke riƙe shi shi ne wani haɗi na musamman, gari ko ruwa, mai ɗauke da dukkan tubalan furotin ban da fenilalanin, an ƙara masa tairosin da bitamin da ma'adanai. Ga mai nau'i mai tsanani, wannan haɗin ne ke ba shi mafi yawan furotin ɗinsa. Ana raba shi sau uku ko huɗu a yini, kowace rana. Yana da ɗaci da wani wari, kuma iyayen yaran nan za su gaya maka cewa daga nan ake fafatawa da ɗan shekara biyu.

Jariri kuma ba a raba shi da nonon uwa. Nonon uwa yana da ƙarancin fenilalanin idan aka gwada shi da na saniya, don haka ana ba shi haɗin gwargwadon awo, sannan a sa shi a mama ya ƙarasa.

To, girman fa?

Shekarun farko na wannan magani sun koya wa likitoci darasi mai zafi. Tsoron taruwar fenilalanin ya sa wasu suka matse abincin fiye da kima, sai aka ga jarirai sun daina ƙara nauyi, fata ta saɓule, gashi ya zube, jini ya yi ƙasa, wasu har suka rasu. An kare ƙwaƙwalwa daga guba, an jefa jiki cikin tamowa. Akwai kuma wani abin mamaki: yaron da bai samu isasshen abinci ba, jikinsa yana komawa ya narkar da tsokarsa don neman ƙarfi, tsokar kuma cike take da fenilalanin. Sai awon jini ya hau maimakon ya sauka. Uwar da ta ga sakamako ya hau ta ƙara rage abinci, ta ƙara dagula lamarin ke nan ba ta sani ba. Haka ma zazzaɓi ko gudawa kan ɗaga awon ko da ba a ci komai ba.

Shi ya sa nake ganin katin awo, wanda ake rubuta nauyi da tsawo da zagayen kai, darajarsa ɗaya da takardar gwajin jini. Sakamakon jini mai kyau a jikin yaron da tsawonsa ya tsaya wata shida ba nasara ba ce.

Bincike da dama a Turai sun nuna cewa yara masu PKU kan ɗan gaza tsaransu tsawo, musamman a shekarun farko, ko da yake tazarar ta ragu sosai da aka inganta haɗin da kuma sa ido. Dalilan sanannu ne. Amino asid da aka riga aka warware yana shiga jini da sauri, jiki ya ƙone wani ɓangare kafin ya yi gini da shi, don haka ƙa'idar Turai ta 2017 ta ce a ƙara kusan kashi 40 cikin ɗari a kan abin da lissafi ya nuna. Idan kuzarin abinci, wato mai da sitaci, bai isa ba, jiki zai mayar da haɗin mai tsada makamashi. Yaron da ke zubar da haɗin a ɓoye kuma ya yi asarar furotin da bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da zinki da kalsiyam a lokaci guda, tun da abincin da ke ba sauran yara waɗannan an hana shi.

Rabon yaron kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Lokacin da yake girma da sauri, jikinsa yana cinye fenilalanin da yawa, sai a ƙara masa abinci. Wannan ne ya sa ake gwada jini kowane mako a shekarar farko, sannan duk mako biyu har ya kai sha biyu. Akwai yara da dama da aka bari a kan tsohon awo shekaru, alhali jikinsu zai iya ɗaukar fiye da haka.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙiba. Abincin da aka sake wa yaron duk sitaci ne da mai da zaƙi, kuma uwar da ke jin tausayin ɗanta saboda an hana shi tsire, da wuya ta hana shi alawa.

Ba duka ne jirgi ɗaya ya ɗauko su ba

PKU tana ɓarna a hankali. Wasu 'yan'uwanta kuwa cikin kwanaki suke kisa. Akwai wadda John Menkes ya bayyana a 1954, inda jiki ke kasa sarrafa amino asid uku, liyusin da aisoliyusin da balin. Jariri kan ƙi nono a makon farko, ya yi laushi, ya sume, fitsarinsa yana ƙanshi irin na hulba. Ba kama ce kawai ba, sinadari ɗaya ne ke ba su ƙanshin. A duniya ana samun kusan ɗaya cikin 185,000, amma a cikin al'ummar Menonayit, wata ɗariƙar Kirista a Jihar Pennsylvania ta Amurka, masu aure a tsakaninsu, ta kai kusan ɗaya cikin 380. A irin wannan cuta, da kuma waɗanda ke tara amoniya a jini, zazzaɓi na kwana ɗaya abin gaggawa ne. Ana dakatar da furotin na ɗan lokaci, a riƙa ba yaro ruwan gulukos dare da rana, in ya yi amai a garzaya a sa masa ruwa ta jijiya. Matsalar girma ta fi tsanani a wannan rukuni, har wasu sai da bututun ciyarwa.

Galaktosemiya ita ce ta fi kusa da mu, domin akwai nau'inta da aka fi samu a jinin 'yan Afirka. A nan sukarin madara ne matsalar, har da na nonon uwa. Jariri kan yi shawara mai tsanani, hanta ta kumbura, ya kamu da ƙwayar cuta a jini, yanar ido ta rufe masa gani. Ana sauya masa zuwa madarar waken suya ta jarirai. Yana daga cikin wurare ƙalilan da likita zai ce a cire jariri daga mama, kuma ba ɗaya ba ne da kumburin cikin da wasu manya ke yi in sun sha nono.

Akwai kuma yaran da hantarsu ke tara sitaci ta kasa sakinsa, sukarin jininsu ya faɗi in sun yi sa'o'i kaɗan ba su ci ba. Su kan tsumbure, ciki ya fito. Tun shekarun 1980 ake riƙe su da ɗanyen sitacin masara da aka dama da ruwan sanyi, har cikin dare, kuma tsawonsu kan farfaɗo. Irin waɗannan, ko sun balaga, azumi ba abin da za su shiga ba ne sai da shawarar likita, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Inda aka yi saɓani

Har cikin shekarun 1970 likitoci da yawa kan sallami yaro mai PKU daga dokar abinci in ya kai shekara shida ko makamancin haka, bisa zaton ƙwaƙwalwa ta gama ginuwa. Daga baya aka ga karatun yaran yana ja da baya. A 2000 Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka tsayar da cewa magani na tsawon rai ne. Saɓanin da ya rage a kan manya ne: Amurka tana son kowa ya tsaya ƙasa da 360, Turai ta bar wanda ya wuce sha biyu ya kai 600. Inda babu gardama shi ne mace mai shirin ɗaukar ciki. In awonta yana sama, jaririn na iya zuwa da ƙaramin kai ko matsalar zuciya ko da shi bai gaji cutar ba.

Magunguna sun fara rage nauyin. Sapropterin, da Amurka ta amince da shi a 2007, yana taimaka wa waɗanda enzayim ɗinsu ke da sauran motsi su ci furotin fiye da da. Ba kowa yake karɓa ba, kuma yana da tsada ƙwarai. A 2018 aka amince da wata allura mai narkar da fenilalanin, wadda aka fara da manya.

Shi kansa haɗin kamfanoni ƙalilan ne ke yin sa. Da aka rufe masana'antar Abbott da ke Sturgis a Jihar Michigan a Fabrairun 2022, iyayen irin waɗannan yara na cikin waɗanda suka fi shiga tashin hankali a Amurka, domin ɗansu ba shi da wata madarar da zai koma.

Abin da ya shafe mu

Gwajin diddige na waɗannan cututtuka bai zama ruwan dare a asibitocinmu ba, haɗin kuma daga waje ake shigo da shi da kuɗin ƙasashen waje. Saudiyya, inda auren zumunci ya yawaita kamar a wurinmu, ta fara gwajin jarirai na ƙasa a 2005, ta kuma samu kusan jariri ɗaya cikin dubu yana da ɗaya daga cikin cututtukan da take nema. Auren zumunci ba ya ƙirƙiro cuta, kuma mafi yawan 'ya'yansa lafiyayyu ne. Abin da yake yi shi ne ƙara yiwuwar ƙwaya mai tangarɗa daga kaka ɗaya ta haɗu da 'yar'uwarta.

Ina yawan tunanin matan da ake kira masu wabi. Mafi yawan waɗancan mace-mace daga sikila ne da zazzaɓin cizon sauro da cututtukan bayan haihuwa. Amma matar da ta haifi jarirai biyu ko uku lafiyayyu, kowanne ya ƙi nono a kwana na uku ko na biyar ya tafi ta hanya ɗaya, ya kamata wannan labari ya isa kunnen likitan yara a asibitin koyarwa tun tana da ciki na gaba. Ta faɗi dangantakarta da mijinta, ta faɗi ranar da kowanne ya fara ciwo, ta faɗi in ta ji wani wari daban a jikinsa.

Akwai gargaɗin da dole a yi da babbar murya. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, yaron da ba ya girma, abin da ya fi damunsa nesa ba kusa ba shi ne rashin isasshen abinci, kuma maganinsa ƙwai ne da wake da gyaɗa da nono. Kada wani ya karanta wannan bayani ya janye wa ɗansa su bisa zato. Ba a fara irin wannan tsarin abinci sai da gwajin jini da ya tabbatar da cutar, da masanin abinci mai bibiya. Alamar da za ta sa a sake tunani ita ce yaron da ake ba abincin tamowa na leda, mai gyaɗa da madarar gari, amma maimakon ya farfaɗo sai ya riƙa amai da yawan barci ko jijjiga duk lokacin da ya ci, ko jaririn da shawararsa ke ƙaruwa da kowane shan nono. Irin wannan yaro, ma'aikacin lafiya ya tura shi babban asibiti a ranar, tare da katin awonsa da tarihin 'yan'uwansa.